Ganuwa a Gonar Labbo

A zamanin da Birnin Kebbi take ƙarƙashin Jihar Sakkwato, an yi wani malamin jami'a da ake kira Dakta Kalilu, wanda ya kama ɗaki haya a unguwar Nasarawa. Da maƙwabta suka ji ana ce masa Dakta, sai suka fara zuwa masa da ciwon ciki da ciwon baya. Ya yi bayani har ya gaji cewa shi ba likita ba ne, digirinsa na labarin ƙasa ne, ɓangaren da yake bin sawun tsofaffin birane a cikin tsofaffin taswirori. Suka ce to, Allah ya taimaka, suka kwashe ciwonsu suka kai gaba. Daga ranar babu wanda ya ƙara leƙo shi.

A jami'ar da yake koyarwa a Sakkwato ma kusan haka abin yake. Malaman tarihi suna cewa shi ɗan labarin ƙasa ne, malaman labarin ƙasa suna cewa ai ɗan tarihi ne, ya zama jemage, ba ya cikin tsuntsaye, ba ya cikin dabbobi. Ɗaliban da suke ɗaukar darasinsa ba su cika benci biyu ba, su ma yawancinsu gurbi suka rasa a wani wuri. Abokan karatunsa kuwa tuni sun watse, wannan ya zama kwamishina, wancan ya shiga kwangila ya yi tumbi. Matarsa Riskuwa, wadda ita kaɗai take iya zama ta saurare shi yana labarin ganuwa da ƙofofi har abinci ya huce, ta rasu ba da daɗewa ba bayan dawowarsu daga Ingila, ba su haihu ba. Bai sake aure ba. Mutane suka yi ta magana, da suka ga ba ya ji, suka bar shi da takardunsa.

Abin da Kalilu ya ƙare ƙuruciyarsa a kai shi ne Birnin Tamba. Sunan ya fito a rubutun wani matafiyi na da, ya kuma fito a bakin tsofaffin masunta, cewa birni ne mai ganuwa a bakin gulbi, tun zamanin da Kabi take tashen ƙarfi. Manyan farfesoshi sun ce babu shi, ko dai tatsuniya ce, ko wani sunan ne na garin da aka riga aka sani. Kalilu ya ce akwai shi. Duk maƙalar da ya aika wa mujalla sai ta dawo masa da amsa iri ɗaya: in birni ne, a nuna ganuwarsa, a auna ta, a haƙa gindinta a ga abin da ke ciki. Ƙarin girmansa a wurin aiki ya maƙale a kan wannan magana, amma ba ƙarin girman ne yake hana shi sukuni ba. Yana son ya san cewa bai ba da rayuwarsa ga abin da babu ba.

Shi ya sa ya ɗauki hutun bincike ya tare a Birnin Kebbi. Akwai wani tsohon sito na ofishin safiyo da aka jibge takardun zamanin Turawa, gara tana cin rabonta, jemagu suna ba da nasu taki. Kullum da safe sai ya karɓi mabuɗi ya shiga, ya fito da yamma yana atishawa. A can ƙarƙashin wani tari ya tsinci taswirar da wani Bature ya zana da hannu. A gefen gulbi, kusa da Argungu, Baturen ya ja wani layi na ɗige-ɗige mai siffar rabin ƙwarya, ya rubuta cewa kufai ne. Kalilu ya daɗe yana kallon layin bai gane wurin ba, don gulbin da ke taswirar ba a nan yake gudu yanzu ba, ya sauya hanya ya matsa yamma. Sai da ya ɗora taswirar a kan hoton da aka ɗauka daga jirgin sama, ya daidaita tudu da tudu, sannan ya ga inda layin ya faɗa.

Tungar Hodi ce, ƙauyensu. Layin kuwa Doro ne, dogon tudun nan da ya zagaye gefen gonar mahaifinsu, inda yake hawa da ƙuruciya yana korar tsuntsaye daga shinkafa. Mutum ya je har Landan yana shaƙar ƙurar takardu, ashe abin nemansa yana inda ya goge wando a kai.

Ya yi dariya shi kaɗai a cikin siton, dariyar ta dawo masa daga bango, sai ya ji kunya. Ya fito ya tsaya a bakin titi, ya rasa wanda zai gaya wa. A ƙarshe ya nufi shagon Wale, wani Bayarabe mai ɗaukar hoto kusa da kasuwa, wanda ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Wale ba ya gane rabin abin da Kalilu yake faɗa, amma yana da kunne, kuma yana da benci. Ya saurare shi yana yanka hotunan fasfo da almakashi, ya ce barka, ya sayo masa lemo mai sanyi, ya kuma ara masa kyamara. Wannan shi ne duk bikin da aka yi wa gano Birnin Tamba.

Gonar tana hannun yayansa Labbo. Su biyu ne maza a ɗakinsu. Lokacin da aka ce kowane gida ya ba da yaro ɗaya a kai makarantar boko, mahaifinsu ya dubi Labbo mai ƙirji, ya dubi Kalilu mai yawan tari, ya ba da wanda garma ba za ta yi kewarsa ba. Labbo ya zauna ya gaji gona da jakai da iyali, yana noma shinkafa a fadama da damina, albasa da rani. Ba ya ƙin ƙanensa, amma bai taɓa sanin inda zai ajiye shi ba. Duk zuwan da Kalilu zai yi, sai Labbo ya ba shi labarin wane da suka yi makaranta tare ya kawo wa garinsu rijiyar burtsatse, wane ya kai uwarsa Makka. Ba ya ƙara komai a kai, kuma ba ya bukatar ƙarawa. Kalilu yakan tsame hannu daga tuwon, ya ce yana da aiki gobe da sassafe.

Wannan karon ya zo ne da bazara, bayan an kwashe albasa, ƙasa ta tsage saboda zafi. Bai ko zauna ya sha fura ba, ya wuce gona. Ya hau Doro yana dubawa. Inda ruwa ya zaizaye gefe, ga marmara an jera ta da hannu, ga ƙasa an daka ta hawa-hawa, ga tsingaro ko'ina. Daga gabas akwai wurin da tudun ya yanke ya bar rata, wanda suke kira Hanyar Jakai. Ƙofar birni ce. Sauran ganuwar duk gulbi ya cinye tun da daɗewa, wannan guntun da ke gonarsu shi kaɗai ya rage a duniya. Kalilu ya zauna a kan marmarar ya yi kuka, ya kira sunan Riskuwa, babu kowa kusa sai wani jaki da yake tsinkar busasshiyar ciyawa.

Washegari ya shiga Argungu ya sa kafinta ya fere masa turaku, ya sayi jan fenti ya shafa wa kawunansu. Haka aka koya masa: kafin ka auna, ka kafa alama a duk inda layi ya karkata, don in ka zo da na'ura ka san inda za ka tsaya. Ya bi Doro daga wannan baki zuwa wancan yana kafawa, har ya zarce cikin gona inda yake zaton ganuwar ta bi ta ƙarƙashin ƙasa.

Abin da ba a koya masa ba a Ingila shi ne me jan turke yake nufi ga manomin fadama a waɗannan shekaru. Ba a daɗe ba da aka yi aikin madatsar ruwa a can sama da gulbi, kuma kowa ya ji yadda aka fara: wasu mutane masu hula da taswira suka zo suka kafa jajayen turaku, suka ce aunawa kawai suke yi. Masu gonakin nan har yau wasu suna yawon ci-rani. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Kafin la'asar labari ya gama Tungar Hodi cewa an kafa wa Labbo turaku.

Labbo ya same shi a kan Doro yana wanke fenti daga hannu da kananzir. Ya tsaya a kansa ya tambaya.

"Kalilu, waɗanga turaku na mi na?"

Kalilu ya yi masa bayani da zumuɗi, ya nuna marmara, ya nuna ƙofa, ya ɗebo tsingaro ya zuba masa a tafin hannu. Labbo ya juya su, ya ce ai irinsu garma tana tonowa kullum, ya watsar ya kakkaɓe hannu. Ya tambaya ko wannan ne aikin da ya ci shekarun nan duka, tudun ƙasa. Bai faɗa da mugunta ba. Da ya faɗa da mugunta ma da ya fi sauƙi.

Nan zuciya ta ɗebi Kalilu. Ya gaji da zama ƙanen da ba a san amfaninsa ba, yana son sau ɗaya a rayuwarsa ya ga idon yayansa ya buɗe a kansa.

"Yaya, wanga ba tudu ba na, ganuwa ta, kuma babu irinta ƙasarga duka. In na auna ta na rubuta, gwamnati da kanta za ta zo. Za ta kewaye wurin da waya, ta kahwa allo, ta sa mai gadi. Ba mai ƙara taɓa ko tsinke."

"Da gonar?"

"Duk abin da ac cikin ganuwa ai birni na, Yaya."

Idon Labbo ya buɗe kuwa. Ya dubi ƙanensa wani irin kallo da bai taɓa yi masa ba, ya dubi turakun da suka ratsa tsakiyar gonarsa, ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya sa alheri. Kalilu ya ji daɗin kallon har cikin ƙashinsa.

To, a gaskiya, babu wata gwamnati da za ta zo, kuma Kalilu ya fi kowa sani. Ya sha rubuta wa ofisoshi game da wasu kufai da ake kwasar duwatsunsu ana gini, ko amsar sun ga takarda bai taɓa samu ba. Babu wani ma'aikaci a Sakkwato da ya taɓa karanta layi ɗaya daga rubutunsa. In ya yi sa'a, maƙalar za ta fito a wata mujalla a ƙasar waje, mutum goma su karanta, biyar su musanta. Cika baki kawai ya yi. Amma baki shi ke yanka wuya, ko da kuwa na mai digiri uku ne.

Ya koma Birnin Kebbi ya ba Wale fim ya wanke. Hotunan suka fito tas, sai dai babu abin da ke cikinsu sai tudu da busasshiyar ciyawa da rabin jaki. Wale ya ɗaga ɗaya a haske ya ce, cikin ladabi, shi dai bai ga birnin ba, amma wataƙila idonsa ne. Kalilu bai ji haushi ba, ya san hoto ba ya isa hujja. Sai an auna tsawo da kauri da karkata, an yanka gefe an zana hawa-hawan ƙasar, sannan farfesoshi za su yi shiru.

Na'urar awon ƙasa mai ƙafa uku guda ɗaya ce a sashensu, kuma da ya je Sakkwato ya tarar wani malami ya fita da ita aikin filaye. Ya jira. Da ta dawo, mai riƙe da mabuɗin sito ya tafi ta'aziyya garinsu. Ya jira. Da ya dawo, aka ce sai shugaban sashe ya sa hannu, shugaban kuwa yana Legas wurin taro. Kalilu yana iya komawa da igiyar awo da sanda ya yi abin da ya samu, amma ya ce abin da ya jira shekara da shekaru ba zai yi masa aikin gaggawa a raina ba. Ya zauna a ofishinsa yana fere fensir, yana tsara yadda zai buɗe maƙalar. Ko sau ɗaya bai tuna da kallon da Labbo ya yi wa turakun ba, kallon da Labbo ya yi masa shi kaɗai yake tunawa.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas ranar da ya sauka a tashar Argungu da akwatin na'urar. Ya ɗauki shatar a-kori-kura zuwa Tungar Hodi. Tun daga nesa ya ji gangar noma, ya ce wa direba lalle wani yana gayya, ya ji ransa ya yi fari, don rabonsa da jin wannan kiɗa tun yana yaro. Da suka shiga gari bai ga namiji ko ɗaya ba. Mata suna ta fita da akusan tuwo a ka, duk hanyar gonarsu suka nufa. Ya sauka ya saɓa ƙafafun na'urar a kafaɗa, ya riƙe akwatin, ya bi bayansu.

Da ya fita bayan gari sai ya ga gulbi. Daga wannan wurin ba a taɓa ganin gulbi ba, Doro ne yake tare shi.

Mazan Tungar Hodi duka suna wurin, da na tungayen maƙwabta, da diga da shebur da kwanduna. Jakai suna kai da kawo da mangala, ana kai ƙasar fadama ana ɗaga kunyoyin da za su riƙe ruwan shinkafa. Marmarar an tara ta gefe guda, masu son gyaran rijiya suna ɗiba. Makaɗi yana zuga samari da sunayen kakanninsu, suna ta zuba gumi suna dariya. Ba ranar aka fara ba, ranar ake gamawa. Inda ƙofar birni take an baje shi sumul, har wani ya ɗaure akuya.

Kalilu ya tsaya da kaya a kafaɗa. Waɗanda suka gan shi suka yi masa sannu da zuwa, wasu suka sunkuyar da kai, kiɗan ya ɗan yi rauni sannan ya ci gaba. Bai yi ihu ba, bai ce a tsaya ba, babu abin da za a tsayar. Ya ji kamar an sake yi masa rasuwa, kuma wannan karon babu wanda zai zo masa gaisuwa.

Labbo ya taho yana share fuska da gefen riga, ƙasa har gira. Ya karɓi akwatin daga hannun ƙanensa ya ajiye a inuwa a hankali, ya ce a shimfiɗa tabarma, ya sa aka kawo ruwa. Suka zauna gefe da gefe suna kallon filin. Labbo ya ce ya so ya aika masa, amma bai san inda saƙo zai same shi ba, Birnin Kebbi ko Sakkwato. Ya ce ya kai maganar gaban dattawa, an kwana biyu ana juya ta, aka ga in babu ganuwa babu abin da za a kewaye da waya. Ya ce bakin da ke ci daga gonar nan sun fi ashirin, kuma shi bai iya komai ba sai noma.

Kalilu ya buɗe baki. Maganar tana nan a kan harshensa, gajeruwa, cewa babu wanda zai zo, ko da ya rubuta littafi guda. Kafin ya furta, Labbo ya ɗora hannu a gwiwarsa, abin da bai taɓa yi ba tun suna yara.

"Ka yi man gahwara, Kalilu. Wasu sun ce in ƙyale, sunka ce gwamnati ba ta da lokacin tudu. Nic ce musu ba ku san ƙanena ba. Da wani na yah hwaɗi, dariya za ni yi in koma aikina. Amma kai, Dakta guda, da kat tahi har ƙasar Turawa, in ka rubuta takarda ba su iya ƙin ji. Kuma tun kana yaro ba ka ƙarya."

Kalilu ya dubi yayansa. Babu zolaya a fuskar, babu ko ɗigo. Tsoro ne da girmamawa, irin wadda ya yi ta nema tun ranar da aka ɗora shi a jaki aka kai shi makaranta. A duk duniya mutum ɗaya ne ya taɓa yarda cewa rubutunsa yana da nauyin da zai motsa gwamnati, ga shi zaune kusa da shi, ga kuma abin da yardar ta haifa shimfiɗe a gabansu har bakin gulbi. In ya faɗi gaskiya, ganuwa ba za ta tashi ba, sai dai ya rasa wannan ɗin ma, ya kuma bar Labbo da sanin cewa ya tara gari ya rushe aikin ɗan'uwansa a banza.

Aka ajiye musu akushin tuwon shinkafa da miyar kifi. Labbo ya matso da shi gabansa, yana jiran amsa.

"Da sun zo ko?" in ji Labbo. "Hwaɗa man gaskiya, in samu in yi barci."

Kalilu ya wanke hannu, ya yanki loma, ya riƙe ta har ta fara hucewa.

"Da sun zo, Yaya," ya ce.